Bayan Rasuwar Tasi'u

Talata, 8 ga Yuli, 2025

Yau muka kai Tasi'u makwancinsa. Shugaban ƙungiyarmu ta matasa, abokina tun firamare. Ko talatin bai cika ba.

Ba harsashi ba ne, abin da ya ƙi zauna mini a kai ke nan. Mutumin da ya shiga ƙauyen Gwaska a kan babur washegarin harin 'yan bindiga, aka haƙa kaburbura da shi. An sha tare hanyar Kaduna yana cikin mota, Allah na kuɓutar da shi. Sai da aka yi sulhu da 'yan bindigar, hanya ta buɗe, mutane suka fara komawa gona, sannan ya yanke jiki ya faɗi a ofis yana aman jini. Likita ya ce gyambon ciki ne ya fashe, kuma ya daɗe yana cin sa.

Alhamis, 10 ga Yuli

Sadakar uku. Inna, mahaifiyarsa, ta sa aka kira ni cikin gida. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Abdulsamad, ku da kuke tare kullum, yana cin abinci kuwa?"

Na ce yana ci, Inna.

Shayi da burodi. Goro. Ƙwayar ciwon kai daga kyamis, bibbiyu. Abin da dukanmu ke ci ke nan, shi ya sa ba wanda ya ga wani abin magana.

Laraba, 16 ga Yuli

Abokan aiki sun ce ni zan riƙe ƙungiya tunda ni ne mataimaki. Ban zauna a kujerarsa ba, benci na jawo.

Asabar, 19 ga Yuli

Gwaggo Mairo ta zo ofis, ƙanwar baban Tasi'u, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya. Ta shigo da kular shinkafa da wake da na'urar awon jini, ba sallamar kirki ta ce kowa ya miƙo hannu. Yaran ƙungiya suka yi ta dariya. Da ta fara faɗa wa kowa abin da ta gani, dariyar ta ragu.

Ni na ce ina da kira a waya. Ta ce za ta jira. Da ta ɗaura mini abin a dantse ta duba, sai ta sake aunawa, ta kalle ni.

"Kana barci?"

"Ina yi, Gwaggo."

"Haka shi ma yake ce mini."

Tana so mu riƙa rufe ofis duk Asabar mu je gidanta a unguwar Magajin Gari, a ci abinci, a auna kowa, mai son magana ya yi. Wai ta koyi irin wannan zaman a Kaduna kafin ta bar aiki. Na amsa don kunyar idonta. A raina na ce mutanen da aka ƙona wa rumbuna ba su samu zaman hira ba sai mu.

Laraba, 23 ga Yuli

Raudatu ba ta zo ba tun rasuwa. Ita ce mai zama da matan da suka gudo daga ƙauyuka, ta saurare su, ta raka su asibiti. Na je gidansu bayan la'asar, muka tsaya a zaure. Ta rame sosai.

Ta ce in dai babura suka wuce a jere, sai ta tsinci kanta a bayan ƙofa ba ta san lokacin da ta tashi ba. "Ni fa ba a taɓa kai mana hari ba, Malam Abdulsamad. Labarin mutane ne kawai na ji. To me ya sa nake mafarkinsu kamar nawa?"

Na ce ta dage da addu'a. Ta ce tana yi. Daga nan na yi mata sallama.

Asabar, 26 ga Yuli

Zaman farko a gidan Gwaggo. Tuwon masara da miyar kuɓewa. Na ci, na ce ana nemana, na fito.

Jumma'a, 1 ga Agusta

Mun yi faɗa da Obed. Shi ne mai tuƙa babur ɗin ƙungiya, Bagwari ne, babu lungun dajin nan da bai sani ba. An kira daga wajen Kazage cewa shanu sun shiga gona, ana neman a yi rikici, mu zo mu zauna tsakani. Obed yana rawar sanyi tun safe, idonsa jawur, amma ya ɗauki makulli.

Na ce ya ajiye, Ɗalha, wani ɗan ƙungiyarmu, ya je.

"Ɗalha bai san Arɗon wajen ba. Da Tasi'u ne da tuni muna hanya."

Na ce da Tasi'u ne, ina yake yanzu?

Bai kamata in faɗi haka ba. Ya ajiye makullin a hankali ya fita. Gwaggo ta aiko daga baya cewa ta kai shi asibiti, taifod ne da zazzaɓin cizon sauro a haɗe, an sa masa ruwa. Ɗalha ya dawo lafiya, an sasanta.

Asabar, 9 ga Agusta

Raudatu ta zo gidan Gwaggo yau. Sun shiga ɗaki su biyu, sun daɗe. Da ta fito idonta ya kumbura, amma ta ci abinci har da ƙari. Gwaggo ta haɗa ta da wata likitar damuwa a Kaduna, yayanta zai raka ta.

Wasu a gari sun fara cewa tun da Tasi'u ya rasu ƙungiya ta koma ta cin tuwo. An faɗa mini a masallaci, da murmushi.

Litinin, 11 ga Agusta

Mai shagon kusa da ofis ya ce ran Asabar wata tsohuwa ta zo daga Gwaska, Bara'atu sunanta. Rabin hanya a ƙasa ta yi saboda laka. Ɗanta na cikin waɗanda aka sace bara, an sako wasu bayan sulhu, nata bai dawo ba. Aka ce mata ta zo wajen yaran Tasi'u. Ta zauna a bakin ƙofa har rana ta juya, ta koma.

Muna can muna cin tuwo.

Na kira Gwaggo na ce an daina rufe ofis. Na yi ta faɗa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ka yi gaskiya, kada a rufe. Ku riƙa barin mutum biyu, ana canzawa. Amma kai sai ka zo. Na riga na rasa ɗa ɗaya a gidan nan." Na kashe wayar ba sallama. Allah ya yafe mini.

Alhamis, 14 ga Agusta

Na je Gwaska neman tsohuwar. Obed ne ya kai ni, an sallame shi, ya ce ya warke, kuma ba mu ta da maganar rannan ba. Rabona da garin tun ranar da muka rufe mutane.

Masara ta yi kyau, har bakin hanya. Yara na wasa. Muna isa wajen tsamiyar da aka jera gawarwaki a wancan lokacin, sai na ji warin ya dawo, alhali babu komai sai ƙamshin ƙasa. Na ce Obed ya tsaya. Na sauka. Na durƙusa a gefen gonar wani na yi ta amai, ƙirjina kamar an ɗora dutse, na ɗauka tawa ce ta zo.

Obed ya riƙe mini kafaɗa har na dawo daidai. Ya ce shi ma haka ya yi zuwansa na farko bayan sulhu, shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba. Ya ce Tasi'u ma ya taɓa sa shi ya canza hanya don kada su bi ta nan.

Ban sani ba. Abokina tun firamare.

Mun samu Baba Bara'atu tana tsince gyaɗa. Ita ta ba ni ruwa, ita ta yi ta yi mini sannu. Na karɓi bayanin ɗanta, Nababa, na ce za mu kai maganar wajen masu shiga tsakani. Ban yi mata alkawarin komai ba. Ta ce ko gawa ce a gaya mata, ta san inda za ta ajiye zuciyarta.

Laraba, 20 ga Agusta

Babu labarin Nababa. Kaina na sarawa tun jiya. Na miƙa hannu wajen ƙwayar da ke cikin durowa, na fasa.

Asabar, 23 ga Agusta

Mutum biyu muka bari a ofis yau, Ɗalha da Praise.

Na je gidan Gwaggo don in ba ta haƙurin kashe waya, shi ke nan abin da ya kai ni. Ta ce ya wuce. Ta auna ni, ta rubuta mini magani, ta ce Litinin in je asibiti a tabbatar ko hawan jini ne. Da yara suka watse na tsaya taya ta kwashe kwanuka. Ban san yadda aka yi ba na fara ba ta labarin tsamiyar nan, da wata yarinya da na ɗauka a ranar, wadda ba ta da nauyi ko kaɗan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Gwaggo ta zauna a kan turmi, ba ta ce ka yi haƙuri ba, ta saurare ni har na gama. Hannun rigata duk ya jiƙe da hawaye.

Ba wani abu ba ne, gajiya ce.

Na dawo gida na kwanta bayan azahar, sai kiran magariba ne ya tashe ni. Asabar mai zuwa wataƙila in leƙa, don in ga ko Obed yana shan maganinsa.