Kwanson Maɗaci

Laraba, 8 ga Janairu
Zalika, 'yar maƙwabta da ta yi boko a Yamai, ta dawo da sabon iyayi. Tana zana tsuntsaye a jikin tulu, wai don a tuna waɗanda suka gudu daga bakin kogi. Tulu na ruwa ne ko na wa'azi?

Asabar, 11 ga Janairu
Itacen gashin tuluna ya ƙare. Na sa a sare tsohon maɗacin bakin ramin yumɓu. Zalika ta zo ta tsaya gaban gatari: "Inna Gambi, shi kaɗai ya rage! Ki gasa da ƙaiƙayi da kashin shanu mana." Na ce ranar da na fara ginin tulu uwarta ma ba ta yi wayo ba. An sare. Ta tsince 'ya'yan a gefen zane tana hawaye. Munafuka.

Lahadi, 19 ga Janairu
Gashi ya yi kyau. Ko ɗaya bai tsage ba. Magana ta mutu.

Litinin, 3 ga Fabrairu
Hatimin gyatumata ya fashe a hannuna. Wani baƙin abu mai baki huɗu, da shi muke danna fure a wuyan tulu tun zamanin kakata. Ranar kasuwa masu saye wannan furen suke dubawa kafin su taya. In babu shi, tuluna na kowa ne.

Talata, 4 ga Fabrairu
Na kai wa masassaƙi gutsattsarin ya yi mini wani. Ya juya su, ya yi dariya: "Gambi, wannan ai ba sassaƙa ba ce, kwanson maɗaci ne. Je ki tsinko wani."
Na kwashe abina na fita.

Laraba, 12 ga Fabrairu
Na tona tokar gashi. Na bi bakin kogi har ƙauye uku. Babu. A kasuwa wata ta duba wuyan tuluna ta ce ba nawa ba ne, a gabana! Zalika na jin mu, ba ta ɗago ba. Na fi tsanar shirun nan da bakinta.

Juma'a, 27 ga Yuni
Na tarar da ɗan tsiron maɗaci cikin fasasshen kasko a ƙofata. Tsuntsu a jikin kaskon, ba sai an faɗa mini ba. Na yi niyyar shuri.
An ce maɗaci kan yi shekara ashirin kafin ya yi 'ya'ya. Ina da hamsin da takwas.
Na kewaye shi da ƙaya. Don awaki ne, ba don ita ba.