Umma ta ce in goge bidiyoyinki

Zuwa ga Yaya Ramla,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina da rai ma ba lallai ki karanta ba, ke da kike cewa duk rubutun da ya wuce layi uku barci yake sa ki. Amma ba ni da wanda zan faɗa wa, kuma a littattafan da nake karantawa idan abu ya ishi mutum takarda yake ɗauka. To ni ma na ɗauka. Daga tsakiyar littafin makaranta na yago ta, kar ki yi dariya.

Jibi za a yi sadakar arba'in ɗinki. Umma ta ce kafin ranar in goge duk bidiyoyinki na wasan alkafura, na wayarki da na shafinki, kar in bar ko ɗaya. Ni aka ba aikin saboda ni kaɗai na san lambar sirrinki. Kin tuna ranar da kika ƙwace mini littafi kika dinga karanta shi da ƙarfi kina kwaikwayon muryar saurayin da ke cikin labarin, har na yi kuka? Sunan saurayin nan kika mayar lambar sirri don ki tsokane ni. Yanzu duk lokacin da zan buɗe wayarki sai na rubuta sunansa.

Bari in fara ba ki labarin gida tukuna, na kasa shiga maganar kai tsaye.

Abba yana fita kasuwar Naif ta nan Dubai kamar da, yana ɗaure kayan mutane yana tura kago Kano, amma ya daina kunna rediyo a mota. Daga gidanmu a Al Nahda har Deira inda kasuwar take, duk cunkoson nan, shiru muke tafiya. Mai shayin ƙasan benenmu ya tare ni yana tambayarki, wai ina champion ɗin nan, kwana biyu bai ga ta wuce da jaka ba. Na tsaya ina kallon kofuna. Ƙarshe dai na sayi shayin da ba na so na hau sama. Har yau bai sani ba, kuma yanzu ta ƙofar baya nake bi.

Gwaggo Hajara ta zo daga Kano ta'aziyya, ta haɗa da sayayyarta ta takalma da jakunkuna. Ɗakinmu ya cika da ƙunshi har ƙofa ba ta buɗuwa sosai. Gwiwarta ba ta barin ta hawa, saboda haka ita ke kwana a gadona na ƙasa, ni na koma naki na sama. Filonki har yanzu yana warin man zafin nan da kike shafawa a idon sawu. Da ina mita a kansa, yanzu na hana Umma ta wanke.

Gwaggo ce ta kawo maganar gogewa. Kar ki ji haushinta, Yaya, wallahi tana kuka ta faɗa. A kicin ne, suna gyaran alayyafo ita da Umma, ni ina wanke-wanke. Ta ce a Kano har yanzu ana tura bidiyon nan naki waya zuwa waya, wanda kike juyi a sama, wasu na cewa ga 'yar Hausa ta fito da mu kunya, wasu na cewa wasu abubuwan da ba za ta maimaita ba. Ta ce duk idon da ya faɗa kan jikinki ke ake rubuta wa zunubin, kuma wanda ke kwance a kabari ba shi da bakin kare kansa. Wai in dai muna sonki, mu rufe ki a nan kamar yadda muka rufe ki a can. Umma ta ci gaba da tsinke ganye. Washegari ta miƙo mini wayarki a cikin ɗankwali. Ta ce ta san waɗanda suka riga suka bazu ba ma iya kamo su, amma wanda ke hannunmu mu yi.

Abin da ya fi ci mini rai, Ummar nan fa ita ce ta dinga kai ki a bas tun kina shekara biyar, lokacin da aka gaji da ke kina alkafura a kan kujerun falo. Ita ce ta tsaya gaban Koci mai horar da ke da guntun Turancinta ta ce 'yarta ba za ta sa rigar da ta tsaya a cinya ba, sai mai dogon hannu da dogon wando, in ba haka ba khalas, an fasa. Ita ce ta amsa wa dangi shekara goma sha huɗu, duk wanda ya bugo ya ce wai wasan biri ake koya wa 'ya mace a Dubai. Yanzu ta gaji, Yaya. Tsoro take ji. Kullum sai ta tambayi kanta ko ita ta jawo miki wani abu da ba ta sani ba.

Ni kuma ban san gaskiyar ba. Da gaske zunubin yana isowa wurinki? Kina ji idan wani ya kalla? Wa zan tambaya, ni da ko sallama da ƙarfi ba na iyawa?

Koci ma ta turo saƙo, wai in ba ta bidiyon wasanki na kan katako don ta nuna wa ƙananan yara yadda ake tsayawa. Ban ba ta amsa ba. Sau uku ina rubutawa ina gogewa.

To ga abin da ban taɓa faɗa miki ba.

Ban taɓa kallon ki kina wasa ba. Ko sau ɗaya.

Na san za ki ce ƙarya ne, tunda ni ce mai ɗaukar miki bidiyo tun ina shekara tara. Ni nake zama a layin gaba da waya a hannu. Amma da zarar kin fara shafa farar hodar nan a tafi, tun kafin ki ɗaga hannu ga alƙalai, sai in saita wayar in runtse ido. Katakon nan faɗinsa bai wuce tafin hannuna ba, tsayinsa ya kai ƙirjina, ke kuma ki hau ki juya baya ki tashi sama ba kya ganin inda za ki sauka. Ni ba zan iya ba. Ina jin ƙarar ƙafarki dai, dum, dum, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, sai na ji tafi in buɗe ido in yi ta tafi kamar na ga komai. A mota ki tambaye ni yaya na ga juyin ƙarshe, in ce ya yi kyau sosai. Ki ce hannuna rawa yake yi kamar na tsohuwa, duk bidiyon a karkace. Ki tura wa Koci, ni in koma cikin littafina. Ko a gida ban taɓa buɗe su ba, don ko a waya gabana faɗuwa yake.

Shekara bakwai ina miki wannan ƙaryar. Ina jin tsoron katako ya kashe ki, sai ga shi zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke ki a kan gadon asibiti, ina zaune a gefe ido buɗe.

Yau bayan azahar Gwaggo ta tafi kasuwar Murshid Bazaar ƙarasa sayayya, Umma ta kwanta. Na hau gadonki na ce tunda gogewa zan yi, sai na kalli kowanne tukuna, sau ɗaya.

Yaya, ashe haka kike?

Na fara daga na farko, kina 'yar siririya da kitso biyu, kin faɗo daga sandar da kike lilo a kai kin tashi kina karkaɗe hannu kina hararar sandar kamar ita ta yi laifi. Na ga na shekarar da tafin hannunki ya dinga yagewa, kina naɗe shi da filasta kina komawa. Na ga na ranar da idon sawunki ya goce wajen dira. Wannan ihunsa kawai na sani, yau na ga yadda kika ɗaga hannu ga alƙalai a kan ƙafa ɗaya kafin ki yarda a ɗauke ki. Bayan shi akwai wata goma babu komai sai ke da robar motsa jiki kina jan ƙafa a falo. Sannan kika dawo. Sannan rigar nan mai kore da fari, wadda kika sa lokacin da aka kira ki ki yi wa Najeriya wasa, ƙasar da sau huɗu kacal kika taɓa zuwa. Abba ya dinga nuna wa kowa a Naif, har da waɗanda ba su tambaya ba.

A littattafaina ana yawan cewa yarinya tana tafiya kamar ba ta taka ƙasa. Ban san cewa ina kwana ɗaki ɗaya da wadda da gaske take barin ƙasa ba. Kuma ba laushi ba ne kamar yadda ake rubutawa. Ƙarfi ne. Fuskarki a ɗaure, haƙoranki a cije, sai kin dira kin tsaya cak sannan murmushin ya zo.

Akwai wani abu kuma. A na shekaru ukun ƙarshe, kusan kowanne, kafin ki hau sai ki juyo ki kalli wayar. Wato ni. Sai ki sa tafin hannunki mai hoda ki rufe idonki, ki buɗe, ki murguɗa baki, sannan ki juya ga alƙalai. Na mayar baya na sake kallo har sau biyar. Ashe kin sani! Tun yaushe? Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba, ke da ba kya barin komai ya wuce ba ki tsokane ni da shi ba? Jira kike in kalla in gani da kaina? Shekara uku kina mini magana a cikin bidiyon da na ɗauka da hannuna, ni ban sani ba.

Na yi kuka sosai, amma a hankali don kar Umma ta ji.

Na so in ɓoye ɗaya daga cikinsu, ba zan miki ƙarya ba. Har na tura shi wayata. Sai na tuna fuskar Umma da ta miƙo mini ɗankwalin nan, na kuma tambayi kaina: in fa gaskiyar Gwaggo ce? In ajiye abin da zai yi mini daɗi ke ya yi miki nauyi? Na goge shi daga wayata. Na rufe shafinki. Na bi na wayarki ɗaya bayan ɗaya, kowanne wayar sai ta tambaye ni ko na tabbata. Ban tabbata ba, amma na danna. Har waɗanda kike rufe ido. Ki yafe mini in na yi kuskure. In kuma daidai na yi, Allah ya kai miki sauƙin.

Saura ɗaya. Na gasar nan ta Alƙahira da muka je da Abba, wadda kika zo ta biyu a katako, mafi girman abin da kika samu. Kin tuna kwana biyu ba ki kula ni ba? Ranar tsoro ya yi mini yawa har wayar ta kalli sama, tun daga hawa har sauka ban ɗauki komai ba sai ƙarafan rufi da fitilu. Kika ce a duk duniya ni kaɗai za a ba aikin minti ɗaya da rabi in dawo da hoton silin.

Babu jikinki a ciki, Yaya. Ko yatsa. Akwai ƙarar ƙafarki a kan katako, akwai shirun da zauren ya yi, akwai numfashina da addu'ata, sannan dirarki, sannan ihu. Can ƙarshe kin rugo wajenmu, ana jin ki kina haki kina cewa Ikram kin gani, kin gani.

Da Umma ta tashi sallar la'asar na kai mata wayar. Na ce na goge duka sai wannan, ta duba in akwai laifi shi ma in goge. Ta daɗe tana kallon fitilun. Ta ce in ƙara murya. Da aka zo wajen da kike kira na, ta kifa wayar a cinyarta ta riƙe da hannu biyu. Sannan ta ce wannan ba hoto ba ne, a bar shi. Ta ce in tura mata, kuma in koya mata yadda ake mayar da shi farko.

Shi ke nan abin da ya rage mana. Gobe inshallah zan yi ƙoƙari in ba Koci amsa, ban san da wane baki ba.

Na gani, Yaya. A makare, amma na gani.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sa kin huta. Sai mun zo.

Taki har kullum,
ƙanwarki Ikram