Inna, Sun Ce Garinmu Daji Ne

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji. Mu nan Wurno lafiya lau, jikokinki sun girma, albasar bana ma ta yi kyau.

Inna, wani abu ne ya ɗaure mini kai, na rasa wanda zan gaya wa sai ke.

Wasu baƙi sun zo daga birni, wai ana shawarar shimfiɗa layin dogo tsakanin Rabah da Goronyo. Na ɗauka don a kwashi albasa da gero ne. Ashe har da masu yawon buɗe ido, su zauna cikin sanyi suna leƙen daji da tsuntsaye da ruwan madatsa. Na tuna ranar da Kawu Sani ya dawo daga Ƙaura yana ba da labarin jirgin ƙasa, kika ajiye ludayi kika ce, "Wai mi yaka ci, abin ga, har yaka jan ɗakuna?" Kin tafi ba ki gan shi ba.

Da yake ni malamin makaranta ne kuma ɗan yankin, sai suka kira ni suka nuna mini bidiyon da suka ɗauka daga sama. Kore shar, Inna. Wani mai tabarau a cikinsu yana ta jinjina kai, wai wannan daji ne da ɗan Adam bai taɓa ba. Ni ma, sakaran naki, har na fara taya shi yabo. Sai na hango kukar nan mai karyayyen reshe. Sai bakin rijiya. Sai zagayen da rumbunki yake.

Garinmu ne. Shekara guda bayan mun rufe ki muka watse saboda 'yan bindiga, kowa da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Ban san ciyawa tana da sauri haka ba.

Na bar su suka ci gaba da kiransa daji.

Yanzu sun ba ni aikin rubuta musu takardar talla da Hausa, in kwatanta abin da matafiyi zai gani. In na rubuta daji, na shafe ki ke nan, da Baba, da masallacin da na koyi alwala a ƙofarsa. In na rubuta gaskiya, mai tabarau ya riga ya faɗa a gabana cewa duk inda aka ji ƙishin-ƙishin rashin tsaro za su kauce masa. In sun kauce, babu jami'an tsaro, babu hanya, ni kuma ba ni da ranar komawa. Ran Litinin za su dawo karɓa, ban rubuta komai ba sai Bismillah.

Kunya nake ji, amma zan faɗa miki: ina son jirgin ya zo. Ina son in yanki tikiti kamar kowane baƙo, in nemi kujerar da ke fuskantar maƙabarta. Ban sani ba ko ana yin ziyara ta taga. Ban sani ba ko zai rage gudu har in kai ƙarshen Ƙulhuwallahu.

Ki yafe mini duk wanda na rubuta, Inna. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi, Ya nuna mini daidai kafin Litinin.

Ɗanki na fari, wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba.