Hannun Da Aka Daina Kamawa

Malam Alkasum, don Allah ka agaza mini, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ina aiki a gidan likita nan Damagaram, a ɗakin injin da Nasara suka kawo mai ɗaukar hoton ƙashi. Lokotoro, wato babban likitanmu, ya ce in za a kunna shi in koma bayan allon darma, wai haskensa ba a ganinsa amma yana cin jiki. To Malam, ta yaya? Tsoho ya taso tun daga Gidimuni a kan jaki, an tuɓe masa riga a ɗaki mai duhu, inji na ruri, yana kyarma yana salati, ni kuma in ɓuya in bar shi? Ba haka aka rene ni ba. Sai in tsaya in riƙe masa kafaɗa har a gama.

Yanzu hannuna na dama ya yi ja ya tsattsage, farata na fita. A unguwarmu ta Birni an riga an yanke cewa kuturta ce. In na miƙa hannu a ƙofar masallaci, sai kowa ya dafe ƙirji ya gaishe ni daga nesa. Garba, abokina da muka tashi muna cin akushi ɗaya, yanzu kullum wai a ƙoshe yake. Matata ta rasu bara. Ba zan ɓoye maka ba, kaɗaici ya ishe ni. Marasa lafiyar nan su kaɗai ne ba sa janye jiki in na taɓa su. In na koma bayan darma, wa ya rage mini?

Mai Hannun Dama, Birni

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan mai ɗakinka. Na tambayi masu sani, sun ce wannan ƙunar hasken injin ce, ba kuturta ba, kuma ba a ɗaukarta.

Zuciyarka mai kyau ce, amma lokotoro ya fi ka gaskiya. Tsohon nan sau ɗaya hasken zai taɓa shi ya koma gida. Kai kullum kake sha, kuma taruwa yake yi a jiki, sabulu ba ya wanke shi. Gobe ka nuna wa lokotoro hannun, ka roƙe shi ya hutar da kai. In ka koma, sa rigar darma, ka ja baya. Wanda ya rako marar lafiya shi zai riƙe shi, shi ma a sa masa rigar. Kai kuma ka yi ta jan sa da hira daga bayan allon, ka tambaye shi gero da damina. Murya ma tana riƙe mutum.

Mutanen Birni kuwa tsoro ne ke damun su, ba ƙin ka suke yi ba. Ranar Juma'a zan tsaya a ƙofar masallacinku in miƙo maka hannu a gaban kowa, sannan mu ci tuwo a akushi ɗaya, Garba na kallo. Amma ka kula mini da hannun nan, don in sami abin kamawa.

Allah ya ba ka lafiya.