Akwatin Kwalliya da Ramin da Aka Bari a Murfi

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙa miki gaisuwar girmamawa, da fatan wannan takarda za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara miki basira a kan aikin da ya kai ki can. Mu nan lafiya lau. Ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi har tana fita tsakar gida ba sanda, Kawu kuma ya koma shagonsa. Maganar aurena tana nan inda kika bar ta, ana ta lallaɓawa.

Yaya, da kunya nake rubuta wannan wasiƙa, don a waya bakina ba zai iya ba. Maganar Kwalliya ce, mesarki da kika bar mini amana. Kada hankalinki ya tashi, tana raye. Amma ta ji rauni, kuma ni ne sanadi.

Kin tuna kin ce tsohon akwatinta ya yi mata kaɗan, a yi mata na gilashi wanda za a shirya shi kamar daji, yadda za ta sake, mai kallo ma ya ji daɗi. Wallahi na zage. Na haɗa ƙasa da ɓawon itace na shimfiɗa, na gasa rassan a rana na ƙona su da ruwan zafi saboda ƙwari, kamar yadda kika koya mini. Na shuka ganyaye masu jure inuwa, na sa gansakuka a lungu don sauƙin saɓa. Kogo biyu na yi mata, ɗaya gefen fitilar ɗumi, ɗaya gefen sanyi, ga kwanon ruwa mai faɗi da za ta iya kwanciya ciki. Da na gama, ni kaina na tsaya ina yaba kaina. Abin da ban faɗa miki ba shi ne yadda aka yi murfin.

Ranar da na je wurin mai gilashin bakin titinmu da awon akwatin, sai na tarar da baban yarinyar da nake nema zaune a bencin shagon, suna hira. Na durƙusa na gaishe shi. Mai gilashi ya duba awon, ya tambaye ni me za a sa a ciki. Yaya, sai na hango dattijon nan yana komawa gida yana cewa saurayin 'yarsa da maciji yake kwana. Kafin in yi tunani, na ji bakina ya ce kifi. Dattijo ya yi murmushi ya ce kiwon kifi sana'ar masu natsuwa ce, har ya sa mini albarka. Ni kuwa na amsa da amin, ba kunya ba tsoron Allah.

To, mai gilashi aikin kifi ya yi. Maimakon murfin raga mai sakata da kika ce, ya yi na gilashi, ya huda rami a kusurwar baya don wayar injin da ke ba kifi iska. Na ga ramin sarai. Komawa in ce a gyara yana nufin in warware ƙaryata, sai na cusa soso a ciki na ce ai Kwalliya ba za ta lura ba. Ni da na sha jin ki kina cewa inda kan maciji ya shiga, jikinsa ma zai bi. Reshen da na fi alfahari da shi kuwa, shi ya zame mata tsani.

Ran nan da hantsi na dawo daga aiki in ɗauki wani abu, na tarar da soso a ƙasa, akwati fayau. Na ɗaga katifa, na zazzage takalma, na leƙa bayan durowa. Can sai na ji Inna tana kirana daga kicin da wata irin murya. Kin san Inna, ko sunan abin ba ta kamawa, sai dai ta ce igiyar ƙasa, kuma tunda kika kawo Kwalliya ba ta taɓa taka ɗakina ba. Na same ta zaune daram a kan bahon wanki da ta kife, carbi a hannu. Ashe ta ga mesar ta fito daga bayan firji, inda ta je neman ɗumi. Maƙwabcinmu ya jiyo salatinta ya shigo da taɓarya, Inna ta hana shi, ta kifa mata baho ta hau kai, ta ce ba mai taɓa amanar 'yarta tana numfashi.

Da na ba ta labarin kifin, ba ta yi faɗa ba, ina ma ta yi. Cewa kawai ta yi ita da take tsoron abin ba ta taɓa musun yana gidanta ba, ni da nake ɗaukarsa a hannu na yi. Na rasa inda zan sa fuskata.

Washegari na ɗauki murfin na koma shagon, kuma kamar an shirya, dattijon na nan a bencinsa. Na faɗi gaskiya da sunanta, na ce maciji ne, na Yayata ne, kuma ƙarya na yi. Mai gilashi ya yi dariya har da riƙe ciki. Dattijon bai yi ba. Ya ce shi macijin bai dame shi ba, albarkar da ya sa wa kifin da babu ce ke masa ciwo. Har yau idan na gaishe shi a taƙaice yake amsawa, kuma na san na cancanta.

Yanzu an yi murfin raga mai sakata da kwaɗo. Sai dai injin firjin ya ƙona Kwalliya a fatar cikinta, wajen tsawon ɗan yatsa, wurin ya yi ja. Na cire ƙasar na shimfiɗa mata takarda mai tsabta, duk adon nan nawa yana cikin buhu, in ban da kogo ɗaya. Ta ƙi cin ɓera, kullum tana cikin kogo a dunƙule. Don Allah Yaya, ki yi mini faɗan daga baya, ki fara gaya mini abin da zan shafa mata. Inna ma kullum da safe sai ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaya ko igiyar 'yarta ta ci abinci.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Ƙaramar Inna, da Auta mai rigima. Inna da Kawu da Gwaggo duk suna gaishe ku. Ki yafe mini. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
wanda yanzu duk layinmu ke kira Mai Kifi.