Ku Fitar da Bencin Nan Daga Ɗakin Likita

Zuwa ga
Babban Likita,
Mai kula da ƙaramin asibitin iyali na unguwarmu,
Wunti, Bauchi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku, ina neman afuwa idan aka ga shekaruna ba su kai in rubuta wa babba kamar ku ba. Sunana Rukayya, ina ajin ƙarshe a sakandare. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko a aji sai malama ta kira sunana nake buɗe baki. Na zo don in gan ku, mai ba da kati ta ce ba a ganin ku sai da rashin lafiya. Shi ya sa na rubuta inda kowa zai karanta, domin abin ba namu ba ne mu kaɗai.

Mahaifiyata tela ce. Suna da ɗan shago kusa da kasuwa, ita da maƙwabciyarmu Maman Ladi. Katin gidanmu yana asibitinku tun ina goye. Ba mu taɓa sanin wani asibiti ba sai naku.

Na ɗaya, maganar benci.

A asibitinku ba a kiran mutum ɗaya wurin likita. Mutum uku ake kira, su jeru a kan benci a cikin ɗakin, ƙofa a buɗe. Likita ya tambayi na farko, sauran suna ji, idan ya gama su matsa. An ce don a yi sauri ne.

Bara, bayan ƙaramar Sallah, Umma ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu. Na daɗe ina kallon takarda kafin in iya rubuta wannan kalma, alhali ni kaɗai ce a ɗaki. Ku duba yadda za ta kasance ga macen da aka ce ta faɗe ta da baki a gaban jama'a. Ranar da ta zo, ni na raka ta, ban san abin da ke damun ta ba. Da aka kira su, wanda ya zauna kusa da ita a benci shi ne Baffa Sale, yayan mahaifina, ya zo awon hawan jini. Likita, ku ɗan garin nan ne, kun san abin da ke tsakanin mace da yayan mijinta. Umma ba ta kiran sunansa, ba ta cin abinci a gabansa, idan ya shigo gida a durƙushe take gaishe shi. Likitan ya tambaye ta abin da ya kawo ta, kansa a kan takarda. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji ta ce zazzaɓi ne da ciwon jiki. Aka rubuta mata maganin maleriya, muka dawo gida. Ta shanye shi tas, don kada a ce ta ƙi shan magani.

Cikin damina ta koma. A wannan karon tsakanin wani dattijo da wani matashi mai keke aka zaunar da ita. Ta yi ƙarfin hali ta ɗora hannu a ƙirjinta ta cikin hijabi, ta ce nan ne yake mata ciwo. Likitan ya ce olsa ce, ta rage yaji, ya rubuta mata wani farin magani na ruwa.

A zuwa na uku ta yi dabara. Ta roƙi mai ba da kati ta sa ta a ƙarshe, don ta shiga ita kaɗai. Ta rufe shago, ta zauna tun safe har aka kira azahar. Da ta shiga, sai ta tarar da abokin likitan zaune a kan bencin yana cin abinci, suna hirar ƙwallo. Likitan kuwa makullin mota na hannunsa. Ta gaishe su, ta ce olsar ce ta tashi. Daga ranar ba ta sake komawa ba.

Na biyu, a duk zuwan nan babu wanda ya taɓa ta. Babu wanda ya ce ta hau gado a duba, ko ya kira ma'aikaciya mace ta shiga da ita wani ɗaki. Kuma kowane zuwa likita daban ta gani. A jikin allonku an rubuta asibitin iyali ne. A makaranta an koya mana cewa likitan iyali shi ne wanda ya san ka, ya san gidanku. Da akwai wanda ya san Umma, da ya san ba mace ba ce mai rufe shago saboda zazzaɓi. Da ya yi mamakin ganin ta tana ta dawowa.

Na uku, abin da ya biyo baya.

Ba likita ba ne ya gano, Maman Ladi ce. Wata rana ta ga Umma ta kasa ɗaga hannu ta auna kafaɗar wata mata da ta kawo ɗinki. Da matar ta tafi, sai Maman Ladi ta tashi ta rufe ƙofar shago, ta dawo ta zauna, ta ce wa Umma ta gaya mata gaskiya. Shi ke nan abin da ta yi. Ba ta yi karatun likita ba, ƙofa kawai ta rufe. Umma ta fashe da kuka ta nuna mata. Washegari Maman Ladi ta sa ta a keke zuwa babban asibiti.

Sun ce ciwon daji ne. Sun yi ta tambayar me ya sa ba ta zo da wuri ba, har ɗaya daga cikinsu ya yi mata faɗa, ya ce mata kullum sai abu ya lalace suke zuwa. Ni kuwa na san Umma ta zo da wuri. Wurinku ta zo.

An yi mata aiki. Yanzu hannun ya kumbura, gashinta ya zube saboda ƙarin ruwan da ake mata, keken ɗinkinta yana rufe da zane. Likitocin ba su ce za ta warke ba, ba su ce ba za ta warke ba. Na yarda cuta daga Allah take, kuma ban ce ku kuka sa mata ba. Amma watannin da ta yi tana shan maganin olsa, wannan ba zan iya cewa ba da hannun mutum a ciki ba.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro.

Kafin a yi mata aiki, ɗinki na ƙarshe da Umma ta yi labule ne. Atamfar da ta ajiye don Sallah ta yanka, ta ninka ta biyu don ya yi kauri, ta sa masa igiya. Ta ce in kai asibitinku a rataya a ƙofar likita, a mayar da benci waje, ko wata za ta iya faɗin abin da ita ta kasa. Ba ta zagi kowa ba. Na kawo, na ba mai ba da kati da hannu biyu, na yi mata bayani, ta ce an gode.

Ranar Talatar da ta wuce na biyo in gani. Labulen yana shimfiɗe a kan teburin da ma'aikata ke ajiye filas da kwanukan abinci, har manja ya ɓata gefe guda. Benci yana inda yake. Wata yarinya da ba ta fi ni shekaru ba, da alama sabuwar amarya ce, tana zaune tsakanin maza biyu, ta dunƙule hannuwa a cinya. Na tsaya har aka zo kanta. Ta ce zazzaɓi ne.

Saboda haka nake roƙon ku:

Ku fitar da bencin zuwa baranda, a riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. Idan layi ya yi tsawo za mu jira, dama jira muke yi.

Ku sa ma'aikaciya mace kusa, wadda mace za ta iya raɗa wa magana kafin ta ga likita. Kuma idan mutum ya dawo ya sake dawowa, a ɗaga kai a dube shi.

Sannan ku sa a ɗauke kwanuka daga kan labulen. Idan wanki ne, ni zan zo in wanke.

Kullum na dawo daga makaranta, kafin in cire takalmi, Umma takan tambaye ni ko an rataya. Sai in ce bari in ɗebo mata ruwa. Ba na so in yi mata ƙarya, kuma ba zan iya gaya mata abin da na gani ba. Ku taimaka mini in samu amsar da zan ba ta tun tana iya tambaya.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira, Ya albarkaci aikinku, Ya tsare mahaifiyarku da 'ya'yanku mata daga zama a kan irin wannan benci.

Wassalam.

Rukayya,
'yar mai labulen.