Rasuwar Dakta Abdulgani Kalilu da Faɗuwar da Muka Rubuta Masa

Cikin alhini da sunkuyar da kai, Ƙungiyar 'Yan Wasan Ces ta Hausawa Mazauna Kuala Lumpur na sanar da jama'a rasuwar ubanta kuma malaminta, Alhaji Dakta Abdulgani Kalilu, wanda Allah Ya yi wa cikawa sakamakon cutar korona a wannan wata na Agusta 2021. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin, malamin jami'a mazaunin unguwar Taman Melati, ya ƙarar da shekarunsa yana bin tarihin gasannin farko na zakaran duniya a wannan dara ta Turawa. A teburin mamak, wato shagon shayi da abinci na Indiyawan Malesiya, shayinsa na hucewa, yakan jera mana karawar Steinitz da Zukertort ta 1886 daga ka, ya nuna yadda Zukertort ya fara da rinjaye kafin ya sha kaye, kullum kuma yana cewa rashin lafiya ce ta ci mutumin, masu kallo kuwa allo kawai suke gani.

Da aka kulle gari, shi ya shirya mana gasa ta waya bisa tsohuwar ƙa'idar nan, cewa wanda lokacinsa ya ƙare bai motsa ba ya faɗi. Ana tsakiyar wasan ƙarshe sai aka ji shi shiru. Mu kuwa, almajiran da suka haddace ƙa'ida, muka rubuta masa faɗuwa, muka ba abokin karawarsa kambu, har da tsokanar cewa Dakta ya ga uwar bari. Babu ɗayanmu da ya ɗaga waya ya tambayi lafiyarsa, alhali yana kwance shi kaɗai numfashi na gagararsa, sai maƙwabcinsa Encik Najib ne ya kira motar asibiti. Mun soke sakamakon, kuma mun san hakan bai gyara komai ba.

Muna roƙon Allah Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba 'ya'yansa da mai ɗakinsa, Hajiya Hureira, haƙurin wannan rashi. Rufe iyakoki ne ya tsare Hajiya a Kano, kuma da muka kira ta gaisuwa, tana kuka ta yi ta sa mana albarka saboda kula da maigidanta da muka yi. Kunya ta hana mu faɗa mata gaskiya a lokacin. Hajiya, ba mu kula da shi ba. Ki yafe mana.

Sa hannu:
Malam Hadi Maitama
Sakataren Yaɗa Labarai